«Kwana biyu ne kawai»: ƙaryar da muka ɗauka har ƙolin Zugspitze

Akwai wata magana da na gaji da ji daga bakin iyaye: «Kwana biyu ne kawai, Mushe, me zai rasa?» Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horon malamai, kuma ba shekarar da ban ji ta ba. Na ji ta daga mai kai yaro biki Kano, na ji ta daga mai jan ɗiyarta zuwa suna Tasawa, na ji ta daga babban ma'aikacin da ya kwashe iyalinshi zuwa Umra ana tsakiyar zango. A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na bar ƙasar nan na je har Jamus, sai na iske maganar ta riga ni isa, tana zaune cikin motar ƙanwata. Yau da ita zan yi faɗa, kuma ba wanda zan ɗaga ma ƙafa, ko da uwa ɗaya muka sha.

Ƙanwata tana aure a Essen, cikin jihar Nordrhein-Westfalen, inda masana'antun kwal da ƙarfe suka tara mutane kamar tururuwa. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi, mijinta direban bas ne na cikin gari. Ƴaƴansu biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai 8, duka can aka haife su. Su suka gayyace ni, su suka biya kuɗin jirgi, kuma bayan wahalar biza da ba zan gajiyar da ku da ita ba, na sauka Dusseldorf da yaji da ƙuli-ƙuli cikin jaka. Kilishi kam an gargaɗe ni kada in soma, ba a shiga masu da nama. Shirin da suka yi mani shi ne a kai Kawu ya ga dusar ƙanƙara ta gaske, a Garmisch-Partenkirchen, can kudancin Bavariya bakin iyaka da Ostiriya, gindin Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus. Tafiyar kilomita 700 ce da ɗoriya, wato ta ɗara Maraɗi zuwa Yamai.

Makarantun jiharsu ranar Juma'a za su rufe. Mu kuwa ranar Alhamis da ƙarfe biyar na asuba muka tashi.

Da na tambayi dalili, mijin ƙanwata ya lissafa mani da yatsu. In aka bari sai Juma'a da yamma ko Asabar, ƙasar gaba ɗaya kan hanya take, tafiyar awa takwas sai ta koma sha biyu. Gidan hayar da suka kama a Garmish kuma, kwana huɗu daga Alhamis ya fi kwana huɗu daga Asabar sauƙi da wajen yuro 300, kusan jikka ɗari biyu ke nan na kuɗinmu, don da makon Kirsimeti ya kama sai farashi ya tashi sama. Ya ƙare da cewa: «Yaya, kwana biyu ne kawai. Ba a ma yin kome a kwanakin ƙarshe.»

Ku san irin ƙasar da ake faɗin wannan magana a cikinta. A Jamus zuwa makaranta dole ne, kuma dolen ta jiki ce: yaro ya zo da ƙafarshi ya zauna a aji. Uba ba shi da ikon cewa zai koyar da ɗanshi a gida, ko da shi farfesa ne. Suna kiran abin Schulpflicht. Tsohon abu ne gare su. Tun 1717 wani sarkin Furusiya ya ba da umurnin a kai yara makaranta, tsarin mulkin 1919 kuma ya game ƙasar duka da shi. Jihohinsu 16 kowace da ranakun hutunta, kuma a jihar su ƙanwata ƙa'idar ta fito fili: ba a ba yaro izini dab da hutu ko da dawowa daga hutu in manufar ita ce tsawaita hutun, ko neman arahar tafiya, ko gudun cunkoson hanya. Kamar wanda ya rubuta ƙa'idar yana laɓe bayan ƙofa lokacin da surukina ke lissafi da yatsu. Tarar tana iya kaiwa yuro 1000, wato jikka 656. A watan Mayun 2018 ƴan sandan Bavariya sun tsaya a filayen jirgin Nuremberg da Memmingen gab da wani hutu, suna tambayar iyalai masu yaran makaranta takardar izini, suka kuma kai ƙarar iyalai wajen ashirin. Jamusawa da kansu, ke nan, suna wannan sata. Surukina ya kafa mani hujja da hakan, wai ai ƴan ƙasar ma suna yi. Na ce mashi ɓarawo bai taɓa kuɓuta gaban alƙali don ya nuna cewa garin da ɓarayi ba.

To tunda ba a ba da izini, saura hanya ɗaya. Ga yadda aka bi ta.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi, gari bai ko waye ba, muka ratse wani wurin hutawar matafiya kafin Frankfurt. Muka yi sallar asuba a gefen mota, sanyi na cizon yatsu. Da muka koma ciki surukina ya kashe inji, ya kashe rediyo, ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe. Ƙanwata ta gyara murya ta kira makarantar ƙaramin. Ba na jin Jamusanci, amma muryar uwa mai majinyaci ba ta buƙatar tafinta. Ta kashe, ta kira makarantar babbar, ta maimaita. Zazzaɓi, tari, an kwana ba barci. Mu huɗu muna zaune shiru kamar masu jiran liman ya sallame, manyan motoci na wucewa a kan gudiro, uban yana addu'a kada ƙararsu ta shiga waya. Yaron ya toshe baki da hannu biyu yana ƙyalƙyala dariya. Yarinyar ba ta yi dariya ba, taga take kallo.

Ƴan'uwana malamai, mun san cewa darasin da ya fi kama yaro shi ne wanda aka yi da kayan aiki, aka nuna mashi a aikace, aka kuma sa shi ya taka rawa a ciki. Haka aka koya mana a makarantar horo. To ban taɓa ganin darasin da ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar na cikin motar nan ba. Minti goma bayan sallah, uwa da uba da kawu malamin makaranta suka haɗu suka nuna ma yara biyu yadda ake yi wa malami ƙarya, da irin muryar da ake yi, da yadda ƴan rakiya ke kama baki. Aka kuma ba su aikin gida: kada a sa hoto ko ɗaya a waya sai Asabar, in an koma makaranta a watan Janairu a ce ranar Asabar aka tashi. Uwar da ke dukan ƙirji tana cewa ɗanta ba ya ɓoye mata kome, ita ce ta ba shi makullin ɓoyewa da hannunta. Nan da shekara shida, ran da zai ce mata yana ɗakin karatu alhali yana wani wuri, zai yi ta da murya mai kyau, don a gida ya koya.

Hanyar kam ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka bi babbar hanya ta Wurzburg da Nuremberg, muka gangara Munik, inda wasu wuraren ba a ƙayyade gudu ba, motoci na wuce mu kamar an harbo su. Tayun motar na hunturu ne, doka ta ce sai da su in hanya ta yi ƙanƙara, motocin hukuma kuma na watsa gishiri don kada ta daskare. Har bayan gida a wuraren hutawa sai ka biya yuro guda, abin da ya sa na rage shan shayi. Daga Munik saura kilomita wajen 90, kuma a nan ne duwatsun suka taso gabanmu farare, kamar an jingina bango a ƙarshen duniya. Ƙarfe biyu da rabi muna Garmish. Surukina ya dube ni ta madubi ya ce: «Ka gani, Yaya? Ko cunkoso ɗaya.» Ya yi gaskiya. Ƙarya tana da riba, shi ya sa ake yin ta.

Bari in ɗauki hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, don ba wawaye ba ne, kuma hujjojin nan su ne naku.

Wai ba a yin kome a kwanakin ƙarshe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai gaskiya a ciki, kuma laifinmu ne. Yarinyar ta ce mani a makarantarsu ranar ƙarshe fim ake kallo, a ci biskit, a share aji. A namu nan, da an gama jarrabawar zango malami ya duƙufa kan cike takardun sakamako, yara na ihu a fili. Amma ku bi abin a hankali ku ga inda ya faro. Malami ya duba ajin ya ga kujeru biyar babu kowa, sai ya ce ba zai fara sabon darasi ba don kada ya maimaita. Iyaye su ji cewa ba a fara sabon darasi, sai baɗi kujeru goma su zama babu kowa. Kowa na nuna ɗan'uwanshi, makon ƙarshe na mutuwa a tsakiya. In aka yarda cewa ranar ƙarshe ba ta da amfani aka yanke ta, wadda ke gabanta ce za ta zama ta ƙarshe, ita ma a yanke. Da wannan lissafi za a cinye zango kamar yadda gara ke cin zana, daga gefe.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba abin da aka rasa. Da dare, muna kwance kaya, na ga wani ɗan ƙunshi mai takardar ado a jakar yarinyar. Na ce mata na wane ne. Ta yi shiru, sannan ta bayyana mani. Akwai wata al'ada a makarantunsu da suke kira Wichteln: kowane yaro ya jawo sunan wani ɗan ajin ta ƙuri'a, a asirce, ya sayo mashi ƴar kyauta, ranar ƙarshe a tara a raba. Ita ta jawo sunan wata yarinya da ba ta daɗe da zuwa ajin ba. Ta sayi kyautar da kuɗinta, ta naɗe, niyyarta ta kai ranar Juma'a. Ba a gaya mata za a tashi Alhamis ba sai daren Laraba, don kada ta yi suɓul da baka. Ranar Juma'a, ke nan, a wani aji a Essen, yara ashirin da wani abu suka buɗe kyautarsu, yarinya ɗaya baƙuwa ta zauna hannu wofi tana kallo. Wannan ba ya cikin lissafin yuro 300. Aji jama'a ce, kowa riƙe yake da wani, kuma uban da ke cewa «ɗana ne, ni na san abin da ya dace da shi» ya manta cewa kujerar ɗan nashi tana jingine da ta ɗan wani.

Sai hujja ta biyu, wadda aka fi so a jefi malami da ita don an san ba ya iya musunta: tafiya mabuɗin ilimi. Na yarda, kuma zan ba da shaida. Ranar Juma'a muka je bakin tabkin Eibsee muka shiga motar igiya, wani ɗaki na gilashi mai ɗaukar mutum 120 da aka buɗe a Disamban 2017, ya ɗaga mu cikin minti goma zuwa ƙolin Zugspitze, mita 2,962. Dutsen Bagzan namu na Ayar, mafi tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Ku ɗora mashi kusan wani kilomita guda. Kunnuwan yaron suka toshe, na bayyana mashi nauyin iska da yadda take raguwa in an hau sama. Na ba yarinyar lissafi: garin yana kan mita 700 da ƴan kai, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6 a kowace mita dubu, nawa za mu tarar a sama? Ta yi shi da ka, ta kusa daidai. Muka taka iyakar Jamus da Ostiriya a kan dutsen, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Muka hangi daskararriyar ƙanƙarar nan ta shekara aru-aru da suke kira Schneeferner, wadda ke narkewa shekara bayan shekara. Ɓangarenta na kudu ya zaizaye har masana suka cire shi daga lissafi a 2022. Na ce masu zafin da ke cinye ƙanƙarar nan ɗan'uwan wanda ke rikita mana damina ne. A cikin gari kuma ga filin da aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 1936, zamanin Hitila, inda har yau kowace ranar 1 ga Janairu mutane ke tsalle daga wani tudu da katakon zamiya a ƙafa. Labarin ƙasa, kimiyya, tarihi, duk a wuni guda. Ban taɓa koyarwa da daɗi haka ba.

Amma dutsen nan yana nan ranar Lahadi. Yana nan ranar Litinin. Hutunsu ya haura mako biyu. Ba wanda ya ce kada a yi tafiya, cewa aka yi a yi ta cikin lokacinta. Wanda ya saci kwanan makaranta ya ce don ilimi ya yi, kamar wanda ya ɗebi hatsin iri ne ya dama fura, ya ce ai duk abinci ne. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: cikin masu jefo mana karin maganar nan, mutum nawa ne ke tsayawa ya nuna ma yaro wani abu a hanya? Mafi yawa yaron na kujerar baya da waya a hannu daga tashi har isa, abin da zai iya ba da labari shi ne inda aka ci kaza.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata ba'a ba. Ƙanwata ta ce mani da zafi: «Yaya, kai ba ka san rayuwar nan ba. Mai kuɗi yana tafiya ran da ya ga dama, in an ci shi tara ya biya kamar kuɗin shayi. Mu da muke wanke tsofaffi muna tuƙa bas, in ba mu yi dabara ba ƴaƴanmu ba za su taɓa ganin wurin nan ba. Su koma aji kowa na ba da labarin hutu, su suna sunkuyar da kai?» Na ji ta har cikin raina. Farashin wuraren nan a makon Kirsimeti zalunci ne da aka yi wa rajista. Kuɗin hawa dutsen kawai na mu biyar ya fi albashin wata na malamin kwantaragi. Sai dai wanda ya tsawwala farashin mai gidan haya ne da mai motar igiya. Malamar ajin ba ta ci sisi ba, ita kuma aka yi wa ƙaryar. An mare ka a kasuwa ka zo gida ka rama kan wanda ke maka aiki. Kuma akwai mafita da ba ta buƙatar ƙarya: Winterberg, cikin tuddan Sauerland, yana cikin jiharsu, tafiyar awa biyu daga Essen, da ƙanƙara da wurin zamiya, a je da safe a dawo da dare ba kuɗin kwana. Ko a rage kwana huɗu zuwa uku. Amma Winterberg ba ya cika hoto kamar Zugspitze, kuma Kawu ya zo daga Afirka, dole a nuna mashi mafi girma. Talauci bai tashe mu ranar Alhamis ba. Son a gani ne, kuma ni ne wanda ake so ya gani.

A can ƙolin, muna cikin ɗakin shan shayi muna ɗumama hannu, wayar yarinyar ta yi ta ƙara. Ƴan ajinsu ne ke aiko mata sannu da jiki. Wata ta ɗauko hoton allo don kada aikin hutu ya wuce ta. Malamarsu ma ta sa an gaishe ta. Tana karantawa tana kife wayar a kan tebur, ga duwatsun ƙasashe huɗu shimfiɗe gabanta ba ta ko kallo. Ni kuma, da yake bakin malami ba ya zama shiru, sai na soma yi wa iyayen huɗuba, irin wadda kuka karanta a sama, har da ɗaga yatsa. Ta bari na kai aya. Sannan ta ce da Hausarta mai ɗan karkata:

«Kawu, ku an yi hutu ne a lakwal ɗinku?»

Na ce sai gobe.

«To wa ke koya ma ɗalibanka yau?»

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a kan tudu mafi tsawo a Jamus aka nuna mani nawa. Ga shi, tunda na yi alkawarin ba zan ɗaga ma kowa ƙafa ba. Tikitin jirgin da ke cikin makon hutu ya fi tsada nesa, don haka aka sayi na Talata. Kafin in kama jirgin Talata sai na bar Maraɗi tun Lahadi. Mako guda cur ke nan, Litinin zuwa Juma'a. Na rubuta wa darakta takardar neman izini na sa «uzurin iyali», da ya tambaye ni da baki na ce ƙanwata ce a waje, na yi shiru, na bar fuskata ta ƙarasa sauran. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ban gyara mashi ba. Na ce a raina an gama jarrabawa, ba a yin kome a makon ƙarshe. Ajina CM1 ne, yara 74. Na bar su ga abokin aikina mai nashi 80 a ɗakin da ke kusa, wai ya riƙa leƙawa.

Ku yi lissafin da ni. Ƙanwata: yara 2, kwana 2, kwana 4 ke nan. Ni: yara 74, kwana 5, kwana 370. Ƴaƴanta suna da ɗakin karatu a unguwa, da intanet, da malamar da ke aiko da aiki har gadon jinyar ƙarya. Nawa, rabinsu ba su da littafi ko ɗaya a gida, abin da na rubuta a allo shi ne littafinsu. Ita tana tsoron tarar yuro 1000. Ni ba wanda zai ci ni tarar dala.

Kada wani ya ɗauka wannan ikirari ya wanke iyaye. Bai wanke su ba, ya dai ƙara yawan masu laifi. Kuma kada wani ya ce ina kiran a girke jandarma a tashoshin mota suna tare masu yara kamar yadda aka yi a Memmingen. Jamus tana iya cin uba tara ne saboda in yaron ya zo zai iske aji da malami a ciki. Hukuma ta cika nata kafin ta nemi naka. Mu da ake buɗe makaranta a Oktoba amma azuzuwan zana ba sa tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, mu da malamin ƙauye ke kashe kwana uku wajen zuwa karɓar kuɗin wata, da wane ido za mu ci uba tara? Manomin da ya riƙe ɗanshi don a ɗaure dammunan gero kafin dabbobi su shiga gona, ba da shi nake ba, nashi zancen ciki ne, wata rana za mu yi shi. Da ku nake, masu albashi da masu shago, masu mota a ƙofar gida, waɗanda ke zuwa taron iyaye su fi kowa ɗaga murya cewa ilimi ya lalace, ranar Alhamis kuma su aiko ƙanen yaro ya ce wai yayanshi ba lafiya, alhali duk unguwa ta ga an ɗaura kaya a mota. Da mu nake kuma, malamai, masu ƙara wa kowane hutu kai da wutsiya, masu komawa bakin aiki ranar Laraba in an ce Litinin, sannan mu tsaya gaban allo muna rubuta darasin tarbiyya kan gaskiya da riƙon amana. Ƙungiyoyinmu na ƙwadago suna ƙirga kowace rana da gwamnati ta jinkirta mana haƙƙi, kuma daidai ne. Ban taɓa zama taron da aka ƙirga ranakun da mu muka ɗauke wa yara ba tare da yajin aiki ba, a kan raɗin kanmu.

Muka sauko daga dutsen kafin ƙarfe huɗu da rabi, lokacin da rana ke faɗuwa a can cikin Disamba. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ranar Asabar aka saki hotuna, dangi daga Maraɗi har Kwatano suna ta sa albarka. Ƙunshin kyautar ya koma Essen cikin jaka yadda ya zo. Ta ce za ta ba yarinyar a Janairu, amma ba ta san me za ta ce mata ba. Ban ba ta shawara ba, ba ni da bakin bayarwa.

Ran da aka koma makaranta na shiga ajina da ledar cakulan ta Jamus. A saman allo, kwanan watan da na rubuta da hannuna ranar Juma'ar da na bar su yana nan, ba wanda ya goge, ba abin da aka ƙara a ƙarƙashi. Suka miƙe suka gaishe ni. Kafin in ce su zauna, wata ƴar gaba, mai yawan tambaya, ta ɗaga hannu: «Mushe, ya jikin ƙanwarka? Darakta ya ce mu yi mata addu'a, mun yi.»

Na ajiye ledar a ƙarƙashin tebur. Na ce masu ƙanwata lafiyarta lau, ba ta yi ciwo ba, ƙanƙara na je kallo, kuma ban faɗa wa darakta gaskiya ba. Wasu suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Da aka tashi na je ofis na maimaita wa darakta, ya dube ni ya daɗe, ya ce to yanzu me kake so a yi. Na ce zan biya da safiyar Asabar biyar. Ya ce in gwada.

Asabar ta farko yara 31 suka zo. Sauran, wannan an aike shi kasuwa, wannan tana talla, wannan yana makarantar allo, kuma ba uban da zan iya yi wa ƙorafi, don Asabar tasu ce, ban da haƙƙi a kanta. Ta biyu 26. Muna kan ta huɗu yanzu, kuma darasin raba lamba mai waƙafi da ya kamata in yi a wancan mako har yau rabin ajin ba su gan shi ba.